Jarida ta nemi bidiyon da na ɗauka na wani tsohon gini: in ba su ko in riƙe abina?

Mai_Kyamarar_Waya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Akwai wani tsohon ginin ƙasa da nake wucewa ta gabansa kullum in zan tafi aiki. Dattawa sun ce ya haura shekara 100, a da nan ake zaman shari'a, daga baya aka mai da shi ma'ajiyar takardu, sannan aka garƙame ƙofa aka manta da shi. Yanzu rabin rufin ya rufta, indararo biyu sun faɗi, ruwa yana bin jikin bango yana cin gindinsa, bayan ginin kuwa ya zama juji. Ranar Asabar na shiga ta inda katangar ta zube na ɗauki bidiyon minti 4 da wayata. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ɗaurin gugan zauren ciki, wato bakan ginin da ke riƙe da rufin. Yana nan tsaye, kuma in ka matsa kusa za ka ga sawun yatsun maginin da ya yi zanen jikinsa. Akuya na tarar kwance a ƙarƙashinsa tana tuƙa. Na ɗora a Facebook ba tare da wani tunani ba, sai ga shi an yi ta yaɗawa. Jiya wani ɗan jarida daga wata ƙaramar jaridar yankinmu ya turo mini saƙo, yana son ainihin bidiyon su sa a shafinsu su kuma rubuta labari. Bai yi maganar kuɗi ba, ni ma ban yi ba. In ba shi? Kuma wai labarin jarida yana ceton irin waɗannan wurare ne, ko surutun kwana biyu ne kawai?

Ummu_Hanan: Wa alaikumus salam. Ba shi mana! Me za ka yi da shi a cikin waya, sai ranar da ta faɗa ruwa?

Gaskiya_Ɗaci: Kar ka yi sauri ƙanena. Ni na taɓa yi, kuma na yi da na sani. Tsohuwar rijiya ce mai matakalar dutse, na ɗauka na ba wata jarida kyauta. Suka yanke sunana daga ƙarshen bidiyon, suka manna tambarinsu a tsakiya, ƙato kamar faranti. Wannan ma na haƙura. Bayan mako uku jami'ai suka zo saboda kunyar da labarin ya ba su, suka shafe matakalar nan da siminti, suka fenta bakin rijiyar fari da kore, aka ɗauki hoto aka tafi. Duwatsun da ƙafafun mutane suka sassaƙe shekara da shekaru har suka yi santsi, yau babu mai sake ganinsu. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Da na bar ta da ciyayinta da ta fi haka daraja.

Tsohon_Edita: Malam Mai Kyamara, na yi sama da shekara 20 a ƙaramar jarida, bari in faɗa maka abin da ke zuciyar yaron da ya tuntuɓe ka. Ƙananan jaridu yanzu yawanci ba su da mai ɗaukar hoto nasu. Talla ta koma intanet, an rage ma'aikata, mutum ɗaya ne ke rubutu, shi ke ɗaukar hoto, shi ke ɗorawa a shafi. Sai ga bidiyo a shirye, mutane sun riga sun nuna suna so. Dole ya neme ka. Ba don yana ƙaunar tsofaffin gine-gine ba ne lallai, kuma wannan ba laifi ba ne.

Amma akwai abin da yake iyawa wanda kai ba za ka iya ba. Yana iya buga waya ofishin da ke da alhakin ginin ya ce daga jarida kaza nake, wa ke kula da wurin nan, an taɓa ware masa kuɗi? In sun amsa, an samu magana a rubuce da za a riƙe su da ita. In sun ƙi, zai rubuta cewa an tuntuɓe su ba su ce uffan ba. Wannan layi guda ɗaya ya fi yi wa jami'i ciwo fiye da zagin mutum dubu a ƙarƙashin bidiyonka, domin shugabansa yana karantawa. Sannan labarin yana shiga rumbun jarida da kwanan wata. Bayan shekara 10 in wani ya ce ai ginin da kansa ya faɗi ba wanda ya sani, ga takarda.

Shawarata, ka ba shi, amma da sharaɗin zai je wurin da ƙafarsa, zai zauna da dattawan nan, kuma zai dawo bayan wata uku ya rubuta abin da ya canza. Yawancin labaran irin wannan suna mutuwa ne don ba a komawa.

Gaskiya_Ɗaci: @Tsohon_Edita Baba, da girmanka, wane ɗan jarida ne ke komawa bayan wata uku? A lokacin ya manta ma da sunan wurin.

Tsohon_Edita: Wanda aka dama masa lissafi da kira. Ku kuke sakin su.

Barista_Hauwa: Ta ɓangaren doka, a taƙaice. A kusan duk ƙasashen duniya wanda ya ɗauki bidiyo shi ke da haƙƙin mallakarsa tun daga lokacin da ya ɗauka, ba sai ya yi rajista ba. Wannan ƙa'ida tana cikin yarjejeniyar Berne wadda aka fara ƙullawa a 1886. Ɗorawa a Facebook ba ta mai da shi na kowa da kowa ba. Abin da za ka ba jaridar izinin amfani ne, ba mallaka ba. Rubuta masa a saƙo: na yarda ku yi amfani da shi a wannan labarin, da sunana a jiki, ba ku da izinin sayar wa wani ko miƙa wa wata kafa sai kun tambaye ni. Ya amsa da na yarda, ka adana hoton saƙon. Shi ke nan.

Abu biyu kuma. Ka ce ka shiga ta inda katanga ta zube. Wa ya ba ka izini? Kangon da kake gani kamar ba shi da mai shi, ranar da ya shiga jarida za ka ga masu shi sun fito. Na biyu, in akwai fuskokin yara a bidiyon, a rufe su kafin a buga.

Mai_Kyamarar_Waya: @Barista_Hauwa Anti na gode. Wallahi ban tambayi kowa ba, ban ma san wanda zan tambaya ba. Yara babu, akuya ce kawai.

Sadiq_Dariya: To a rufe fuskar akuyar, ita ma tana da haƙƙi.

Baba_Magini: Salamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta mini, ni nake faɗa. Na kalli bidiyon sau uku. Yaro, ginin nan bai mutu ba. Ciwonsa biyu ne: sama da ƙasa. A sama indararo sun faɗi, ruwan rufi maimakon ya yi tsalle nesa da bango sai ya bi jikinsa. A ƙasa kuma jujin nan yana riƙe danshi a gindin bango, shi ya sa ka ga wurin ya zaizaye ya shige ciki kamar an ƙwaƙule. Ginin ƙasa daga gindi yake faɗuwa. In aka kwashe shara, aka mayar da indararo, aka cike gindin da sabuwar ƙasa, aka toshe rufin da ya buɗe, zai jira ku shekaru kafin a samu kuɗin babban gyara.

Abin da wancan yaron ya faɗa kan siminti gaskiya ne. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa. Siminti ba ya fitarwa. Za a shafa shi ya yi kyau wata shida, sai ya tsage kamar gashi, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta ruɓe a ciki ba wanda ya gani. Rana ɗaya sai ɓawon ya ɓallo gaba ɗaya ya taho da rabin bango. Na ga wannan ya fi a ƙirga. In ɗan jaridar zai rubuta abu ɗaya daga bakina, ya rubuta: kar a sa siminti.

Zainab_Tarihi: Allah ya ƙara lafiya Baba. Maganarka ita ce dalilin da ya sa babban masallacin Djenné a Mali yake tsaye. Ginin da ake gani yanzu na 1907 ne, kuma duk shekara mutanen garin ke fitowa su sake yaɓe shi da laka. Itatuwan da suka fiffito a jikin bangon ma a kansu ake takawa wajen yaɓen. Wato tun wajen gini an san za a riƙa komawa.

Kuma labarin @Gaskiya_Ɗaci ya tuna mini da Borja, wani ƙaramin gari a Sifaniya. A 2012 wata tsohuwa mai shekara 80 da ɗoriya ta ga wani zane a bangon cocinsu yana ɓarewa saboda danshi, ba wanda ya kula, sai ta ɗauki burushi ta gyara da kanta. Fuskar ta fito ba ta kama da komai. Jaridar yankin, Heraldo de Aragón, ta buga labarin, cikin 'yan kwanaki duniya ta ɗauka ana ta dariya. Abin mamaki, sai masu yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa zuwa garin, har aka fara karɓar kuɗin shiga. Garin ya samu, zanen asali kuwa ya tafi. Ni har yau ban san a wane ɓangare zan sa wannan labari ba, nasara ko asara.

Ɗan_Adawa: Ni fa duk wannan ban gane ba. Mutane ba su da wurin kwana, makarantu babu rufi, ku kuna kukan kango. A rushe a gina asibiti mana.

Ummu_Hanan: @Ɗan_Adawa in an rushe asibiti kake tsammani za a gina? Shaguna za ka gani.

Ɗan_Adawa: Ko shagunan ne ai wani zai ci abinci.

Malam_Nazari: Ɗan Adawa, tambayarka ba ta banza ba ce, kuma wanda duk ke son a kula da irin wurin nan ya kamata ya iya amsa ta. Gini da ba a amfani da shi ba ya daɗewa, ko nawa aka kashe masa. Waɗanda suka tsira galibi waɗanda aka ba wani aiki ne: ɗakin karatu, ajin yamma, wurin taron unguwa. Mai shara kullum shi ke fara ganin tsaga. Don haka ba dole ne a zaɓi tsakanin kango da amfanin jama'a ba. Amma ban yarda a ce sai an gama maganin talauci kafin a mayar da indararo biyu ba.

Mai_Tsoron_Ɓarayi: Ba wanda ya taɓo abin da ya fi damuna. A minti na 2 na bidiyon an nuna ƙofar katako mai ƙusoshin ƙarfe, an kuma nuna ta inda ake shiga. Ka yi wa ɓarayi taswira ke nan. Akwai masu bin irin waɗannan bidiyoyi don neman abin ɓallewa. Cinikin kayan tarihi ya yi yawa a Facebook har kamfanin ya haramta sayar da su a dandalinsa a 2020, bayan masu bincike sun bankaɗo ƙungiyoyin da ake tallarsu a fili. Wani lokaci mantuwar da aka yi da wuri ita ce maigadinsa. A bar kaza cikin gashinta.

Gaskiya_Ɗaci: Yawwa. Ga wani ya zo layina.

Tsohon_Edita: Bidiyon ya riga ya fita, ɓoyo ya ƙare. Abin da ya rage shi ne a yanke wurin shigar daga wanda za a ba jarida, kuma a nemi a ɗauke ƙofar a ajiye ta wurin da ke da makulli, da shaidu da rubutu. Ɓarawo ya fi son abin da ba wanda ya san da shi. Ƙofar da hotonta ya fito a jarida tana da wuyar sayarwa.

Injiniya_Bilkisu: Ni ta wata fuska nake kallon abin. Ko jarida ta buga ko ba ta buga ba, ko an gyara ko ba a gyara ba, bidiyonka shaida ce, kuma wata rana yana iya zama shi kaɗai ya rage. Da gidan tarihin ƙasar Burazil da ke Rio ya ƙone a watan Satumba 2018, da kaya kusan miliyan 20 a ciki, ɗalibai ne suka yi shela cewa duk wanda ya taɓa ziyarta ya turo hotuna da bidiyon da ya ɗauka. Hotunan da mutane suka ɗauka don nishaɗi suka koma kundin tarihi. Haka a 2015 bayan an farfasa kayan gidan tarihin Mosul a Iraƙi, wasu ɗalibai biyu masu bincike suka buɗe wani shiri suna tattara tsofaffin hotunan maziyarta, kwamfuta tana haɗa su tana fitar da siffar abin ta kowane gefe. Babbar cocin Notre-Dame ta Faris kuwa ta yi sa'a, wani malamin jami'a, Andrew Tallon, ya auna ta da na'urar leza shekaru kafin gobarar 2019. Ginin da kake magana ba mai zuwa masa da leza. Kai ne Tallon ɗinsa.

Saboda haka ka koma, da izini wannan karon, ka yi ɗauka ta biyu ba don Facebook ba. Riƙe wayar a kwance. Tafi a hankali kamar mai bin jana'iza, kar ka riƙa waiwaye da ita. Kowane bango ka ɗauke shi daga nesa sannan daga kusa. Jingina sanda mai tsawon mita 1 a jikin bangon don a san girma. Faɗi kwanan wata da bakinka a farkon ɗauka. Hotuna kuma ka yi su da yawa kana zagayawa, kowane hoto ya haɗa da fiye da rabin abin da ke cikin na bayansa, da haka ne manhaja ke iya haɗa su. Da safe ko ranar da akwai gajimare ya fi, rana tsaka tana cinye zane.

Kuma don Allah kar ka tura ta WhatsApp yadda aka saba, yana matse bidiyo ya zubar da ingancinsa. Tura shi a matsayin fayil. Ajiye kwafi uku, ɗaya ba a gidanka ba. Hotunan kana iya sa su a Wikimedia Commons, rumbun hotuna na intanet da ke buɗe ga kowa, amma ka sani lasisin can yana ba kowa damar amfani da su muddin ya ambaci sunanka.

Sadiq_Dariya: Kamar mai bin jana'iza? Anti ai kin riga kin binne ginin.

Injiniya_Bilkisu: Allah ya ba shi tsawon rai. Amma damina ba ta karanta jarida.

Zainab_Tarihi: Ƙari kan maganar Bilkisu: a Timbuktu bayan rusa hubbarorin waliyyai a 2012, maginan garin ne suka sake gina 14, kuma tsofaffin hotuna da abin da dattawa suka riƙe a ka sun taimaka. Bidiyon da aka ɗauka lokacin rusawar kuma an nuna shi a kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague, inda aka yanke wa Ahmad al-Faqi al-Mahdi, ɗaya daga cikin jagororin rusawar, ɗaurin shekara 9 a 2016. Don haka @Mai_Kyamarar_Waya, kar ka tsaya kan bango kawai. Dattawan da suka ce maka a nan ake shari'a, ka ɗauki muryarsu. Su ma rufinsu yana yoyo.

Auwal_Sabo: Me zai hana a rubuta wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kai tsaye su zo su karɓi wurin?

Malam_Nazari: Ba haka ake yi ba Auwal. A tsarin yarjejeniyar UNESCO ta 1972 kan wuraren tarihi na duniya, gwamnatin ƙasa ce kaɗai ke gabatar da wuri, sai ta fara sa shi a jerin share fage, kuma ana ɗaukar shekaru. Sannan UNESCO ba ta karɓar wuri, kulawa tana nan a wuyan ƙasar. Kaburburan Kasubi a Yuganda suna cikin jerin wuraren tarihi na duniya amma suka ƙone a 2010. Wanda mutum ko ƙungiya ke iya nema da kansu shi ne jerin World Monuments Watch na wuraren tarihi da ke cikin haɗari, da ake fitarwa kusan duk shekara biyu tun 1996. Amma a ganina duk wannan hangen nesa ne. A fara sanin sunan wa ke kan takardar filin, sannan a nemi hukumar kayan tarihi ta ƙasa ta sa shi a rajistarta.

Mai_Kyamarar_Waya: Na dawo da bayani. Na tura wa ɗan jaridar sharuɗɗan Anti Barista, ya yarda da sa suna, ya ce maganar kar a ba wata kafa sai ya tambayi editansa. Na ce ya zo ya gani da idonsa, ya ce ba shi da abin hawa sai ranar Alhamis. Na yanke wurin shigar. Na kuma samu wani dattijo da ya ce mahaifinsa ya yi aikin masinja a ginin, ya yarda in ɗauki hirarsa, amma ya ce kar a sa fuskarsa a jarida don ba ya son rigima da kowa. Abin da ban zata ba: wani ya kira ni da ɓoyayyar lamba yana tambaya wa ya aike ni, wai filin yana da mai shi kuma an kusa fara aiki a wurin.

Gaskiya_Ɗaci: Ka gani ko? Garin neman gira za a rasa ido. Yanzu za su yi sauri su rushe kafin Alhamis.

Tsohon_Edita: Ko kuma dama za su rushe, bidiyon ne ya sa ka ji. Wannan kiran shi ne labarin yanzu. Gaya wa ɗan jaridar yau, kar ka jira Alhamis, za ka ga ya samo abin hawa. Kuma kar ka sake zuwa wurin kai kaɗai.

Barista_Hauwa: Rubuta ranar kiran da lokacinsa da abin da aka faɗa, tun kana tune. Kar ka ambaci sunan kowa a Facebook bisa zato, nan ne ake kama mutane da ɓata suna.

Ɗan_Adawa: To in mai filin yana da takardarsa fa? Ku ce ya zauna yana kallon akuya?

Barista_Hauwa: In yana da ita sai ya nuna. Kuma ko da takarda, a ƙasashe da yawa ginin da aka yi wa rajistar tarihi ba a taɓa shi sai da izini. Matsalar ita ce wannan ba mu san ko yana da rajista ba.

Baba_Magini: Ɗana ya karanta mini. Ni dai ba ruwana da takarda. In an ba da izini, a samo mini matasa 6 da kwandunan kwashe shara, zan zo in nuna musu yadda ake mayar da indararo. Yaro, tsagar da ke saman ƙofar zauren, yatsa nawa ke shiga cikinta? A bidiyon ban iya gane ba.

Mai_Kyamarar_Waya: Baba ban auna ba. Hadari ma ya haɗo yanzu haka. In Allah ya kai mu gobe zan je da abokina da tef ɗin awo, daga waje za mu tsaya in ana hangowa ta taga.

Ummu_Hanan: Ku tafi da ɗan jaridar mana, ku biya masa kuɗin mota in ta kama.

Gaskiya_Ɗaci: Bidiyo kyauta, mota kyauta. Saura ku rubuta masa labarin.